Dajin Bagaruwa na Hartum

A inda koguna biyu suka haɗu suka zama Kogin Nilu, akwai birane uku da suke kallon juna. Hartum tana tsakanin kogunan, Umdurman tana hayin yamma, Bahri kuwa tana hayin arewa. Kogin da ya taso daga kudu, daga wajen Tafkin Biktoriya, shi ake kira Farin Nilu. Wanda ya gangaro daga duwatsun Habasha kuwa, Turawa suna ce da shi Shuɗin Nilu, ko da yake kalmar da mutanen Sudan suke kiransa da ita, wato azraƙ, a bakinsu ta fi kusa da baƙi. Duk wanda ya ga ruwan nan a watan Agusta, sa'ad da ya yi duhu da laka, zai ba su gaskiya. Wurin da kogunan suka haɗu sunansa Mugran. Kudu da Mugran kaɗan, a gaɓar gabas ta Farin Nilu, nan ne wani daji yake wanda mutanen birni suke kira Dajin Sunut.

Sunan baƙo ne a kunnen Bahaushe, amma itacen ba baƙo ba ne. Sunut ita ce bagaruwa. Ita ce dai wadda majeman Kano da na Sakkwato suke daka 'ya'yanta su jeme fata da su, wadda tsofaffi suke jiƙawa a kurkure baki in dasashi ya kumbura. Mutanen Sudan suna kiran 'ya'yan nata garad, su ma suna jima da su, suna kuma turara su don mura da tari. Abin da ya bambanta shi ne, a ƙasar Hausa akan ga bagaruwa ɗaiɗai a bakin fadama ko a gefen kududdufi, amma a Hartum, kafin yaƙin 2023, ta yi kurmi guda, dubban itatuwa, a tsakiyar babban birnin ƙasa, ana hango benayen bankuna daga ƙarƙashin inuwarsu.

Kafin a san tarihin dajin nan sai an san yadda yake rayuwa, gama ruwan sama ba shi ne ya raya shi ba. Hartum tana bakin hamada, damunarta gajera ce ƙwarai. Kogi ne yake shayar da dajin, ta wata hanya mai ban mamaki. Sa'ad da damuna ta kankama a Habasha, Shuɗin Nilu yakan cika ya sauko da ƙarfi, har ya tare wa Farin Nilu hanya a Mugran. Farin Nilu kuwa kogi ne mai tafiyar hawainiya, ba ya iya turewa, sai ya tsaya ya ja da baya, ya malala bisa gaɓarsa kamar tafki. Daga wajen watan Yuli zuwa Oktoba dajin yakan tsaya cikin ruwa, wani wuri har iya wuyan mutum ko fiye, masunta su shiga da kwalekwale tsakanin itatuwa. Yawancin itatuwa ba su jure wa irin wannan jiƙo, amma bagaruwa tana jurewa. In ruwa ya janye, sai ya bar sabuwar laka, da ƙananan kifaye cikin ramuka, da ƙwayoyin bagaruwa da suka jiƙa har ɓawonsu mai tauri ya yi laushi. Wannan ambaliya ta shekara-shekara ita ce ta hana mutane gina gidaje a wurin tun kafin a san wata doka. Kogi ne mai gadin farko.

Ƙasar da take kewaye da mahaɗar nan dā cike take da namun daji. Ko sunan birnin ma, bisa ga bayanin da ya fi yaɗuwa, daga giwa aka samo shi, gama hurɗum da Larabci shi ne hannun giwa, tsirin ƙasar da ke tsakanin kogunan kuwa ya yi kama da shi. Rundunar Muhammadu Ali Basha, mai mulkin Masar, ita ce ta iso wurin cikin shekara ta 1821 ta kafa sansani, sansanin ya zama gari, garin ya zama mazaunin gwamna. Tun daga lokacin Hartum ta zama ƙofar da dukiyar daji take fita zuwa duniya.

Abin da ya fara fita ya yi suna shi ne wata 'yar raƙumar dawa. An kama ta a wajen Sannar, aka bi da ita ta Hartum, aka sa ta a jirgin ruwa zuwa Iskandariya, domin Basha ya yi niyyar ya ba Sarkin Faransa kyautarta. Ta sauka a Marsai cikin watan Oktoba na 1826, tare da shanun da ake tatsa ana ba ta madara. Da sanyi ya wuce aka kora ta a ƙasa, tafiyar mil 550, ta shiga Faris a ƙarshen Yuni na 1827, jama'a suka yi ta tururuwa zuwa kallo. Ta zauna a can har ta mutu a 1845. An kuma aika da wasu biyu, ɗaya zuwa Ingila, ɗaya zuwa Biyana, amma su ba su daɗe ba. Labarin yana da daɗin ji, sai dai akwai abin da masu ba da shi sukan tsallake: maharba ba su iya kama jaririn raƙumin dawa sai sun kashe uwar tukuna.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin ji ko kaɗan. Tsakanin 1839 da 1842 wani jagoran jiragen Turkawa, Salim Ƙabudan, ya bi Farin Nilu ya yi kudu da nisa, ya tabbatar cewa jirgi yana iya wucewa. Nan da nan fatake suka bi sawunsa neman hauren giwa. Kowace shekara, in iskar arewa ta taso, jirage sukan tashi daga Hartum cike da 'yan bindiga, su komo da haure. Da hauren ya fara wuya a bakin kogi sai suka kafa zariba a cikin ƙasa, suka shiga kwasar shanun mutane suna musaya da haure, daga nan kuma suka shiga kwasar mutanen kansu. Cinikin haure da cinikin bayi a jirgi ɗaya suka riƙa tafiya. Giwa ta yi ta ja da baya zuwa kudu, dorina ta bi ta, har aka wayi gari birnin da ake kira da sunan hannun giwa ba wanda ya taɓa ganin giwa a kusa da shi sai a keji.

Jiragen nan kuwa da bagaruwa ake sassaƙa su. Itacenta ja ne, mai nauyi, gara ba ta cika damunsa ba, ruwa ba ya saurin ruɓar da shi. Masassaƙan Abu Rof, a bakin kogi a Umdurman, sun gāji wannan sana'a kaka da kakanni, suna haɗa guntayen katako masu kauri da manyan ƙusoshi, gama bagaruwa ba ta ba da dogon katako miƙaƙƙe. Da jiragen tururi suka zo kuma, sai buƙatar ta ninku. Sudan ba ta da kwal. Jiragen tururin da suka yi tafiya a kogunan Sudan a wancan zamani, itace suka riƙa ci, mafi kyawun itacen kuwa bagaruwa ce.

Mai karatu zai ga girman wannan al'amari in ya dubi abin da ya faru a 1885. Mayaƙan Muhammadu Ahmad, Mahadin Sudan, sun kewaye Hartum tun watan Maris na 1884, Janar Gordon yana ciki. An tsare birnin ta kudu da ganuwa da gwalalo, daga gaɓar Shuɗin Nilu har zuwa gaɓar Farin Nilu. Amma ƙarshen ganuwar ta yamma yana cikin ƙasar nan da ambaliya take rufewa. Ruwa ya zo ya cinye ganuwar ya cike gwalalon da laka, sa'an nan ya janye da rani ya bar fili, sojojin da ke ciki kuwa yunwa ta hana su gyarawa. Ta nan ne Ansar suka shiga da asubahin 26 ga Janairu. Jiragen tururi biyu da Ingilishi suka aiko da gudunmawa sun iso ranar 28, bayan kwana biyu. Cikin abubuwan da suka ɓata musu lokaci a hanya har da tsayawa neman itacen wuta, da kuma karon da ɗaya ya yi da dutse a Sabaloka, inda kogi yake kurɗawa ta tsakanin duwatsu a arewa da birnin.

Bayan rasuwar Mahadi cikin watan Yuni na shekarar nan, Halifa Abdullahi ya mai da Umdurman babban birni, aka watsar da Hartum, aka kwashe tubalinta da azarorinta aka haye kogi da su. Umdurman ta cika da jama'a daga kowace kusurwa, har da mutanen yamma, Hausawa da Fulani da Barebari, waɗanda hanyar Makka ta biyo da su. Gari mai yawan jama'a haka a bakin hamada, itacen girki kaɗai ya isa ya share dajin da ke kewaye da shi, haka kuwa aka yi. Abin da ya tsira shi ne wanda yake cikin ƙasar ambaliya, inda sabon tsiro yake maye gurbin wanda aka sare.

Ingilishi sun ci Umdurman a yaƙin Karari ranar 2 ga Satumba 1898, suka sāke gina Hartum, jirgin ƙasa kuma ya iso Bahri a ƙarshen 1899. Su ne suka kawo dokar daji a rubuce. Kada a ɗauka ƙaunar tsuntsaye ce ta fara motsa su. Gwamnatin tana da jiragen ruwa masu cin itace, tana da dogo mai buƙatar katakon shimfiɗa, ta kuma ga gaɓar kogi tana ƙarewa. Don haka tun a shekarun farko aka kafa ma'aikatar gandun daji, aka shiga killace kurmin bagaruwa, musamman a Shuɗin Nilu kudu da Sannar, inda aka tsara sara da shuka bi da bi, a sare wannan yanki bana, a bar shi shekaru masu yawa kafin a komo kansa. A 1932 aka yi sababbin dokokin gandun daji, a shekarar ce kuma aka sa Dajin Sunut cikin dazuzzukan da gwamnati ta keɓe.

Ta wajen namun daji ma haka abin yake, da fuska biyu. An naɗa wani Bature, Arthur Butler, mai kula da kare namun daji tun 1901, shi ne kuma ya lura da gidan namun daji da aka buɗe a Hartum a bakin kogi, kusa da Mugran. Butler masanin tsuntsaye ne na gaske. Amma dokar da yake tsarewa ta lasisi ce: mai kuɗi ya biya, a rubuta masa yawan giwa da ɓauna da zai harbe, talaka mai tarko da mashi kuwa ya zama mai laifi a dajin kakanninsa. Ranar 14 ga Maris 1910 tsohon shugaban Amurka, Theodore Roosevelt, ya sauka a Hartum daga kudu, a ƙarshen farautar da ya yi ta kusan shekara guda a gabashin Afirka da Sudan. Shi da ɗansa sun harbe dabbobi 512, ayarin nasu kuma ya tara samfurin dabbobi manya da ƙanana fiye da 11,000 domin gidajen tarihi na Amurka. An karɓe shi da girma a fadar gwamna. Ba wanda ya kira shi maɓarnaci, gama da takarda ya yi.

Bayan taron da ƙasashen mulkin mallaka suka yi a Landan a 1933, maganar keɓe wuraren da ba a farauta sam ta ƙara ƙarfi. Sudan ta yi dokar namun daji a 1935, a shekarar aka kafa gandun Dindir a kan iyakar Habasha, wanda ya girmi Yankari ta Bauchi da shekara 21. A 1939 aka ƙara wa Dajin Sunut matsayi, ya zama mafakar tsuntsaye, ba harbi ba tarko. A 1946 aka keɓe duwatsun Sabaloka saboda tumakin dutse da barewa. Daga baya ƙwarai aka ƙara da na teku, wato Sanganeb da Dungunab a Bahar Maliya, arewa da Port Sudan, inda ake samun murjani da kunkurun ruwa da wani ɗan'uwan ayu. A 2016 hukumar UNESCO ta sa su cikin wuraren gādo na duniya. Amma duk cikinsu ba wanda talakan birni yake iya zuwa da ƙafarsa sai Sunut.

Akwai wani aiki na zamanin nan da ya taɓa dajin, ya kuma taɓa Hausawa. Tsakanin 1933 da 1937 aka gina madatsar Jabal Auliya a kan Farin Nilu, kamar mil 27 kudu da Hartum. Domin Masar aka gina ta, don a tare ruwa da damuna a sake shi da rani, ba a kuwa miƙa ta ga Sudan ba sai 1977. Madatsar ta haifar da dogon tafki mai kifi, giwan ruwa da ƙarfasa da tarwaɗa. Hausawa sun riga sun yi yawa a ƙasar tun bayan yaƙin Burmi na 1903, sa'ad da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya yi hijira da jama'arsa suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sannar. Wasu sun shiga noman auduga a Jazira, wasu kuwa su ne suka riƙe sana'ar su a bakin kogunan nan, har ya zama a wurare da yawa in an ce masunci, Bahaushe ake nufi. Mutumin da yake kwana bisa ruwa ya fi ma'aikacin ofis sanin ranar da agwagin ƙetare suke sauka, da shekarar da kada ya daina fitowa shan hantsi a tsibiri kaza. Abin takaici ne da ba a cika tambayarsu ba.

Tsuntsayen kuwa sun cancanci a tsaya a kansu. Kwarin Nilu hanya ce ta tsuntsayen da suke gudun sanyin Turai da Asiya. Bayan sun ƙetare hamada, Mugran ce wuri na farko mai yalwar ruwa da inuwa da abinci, lokacin isowarsu kuma ya yi daidai da janyewar ambaliya. Sai a ga bakin dajin ya yi fari da balbela da zalɓe da jinjimi, ga kwasakwasa suna kamun kifi a jere, ga kirinjijiya da dinya, ga ƙananan tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu suna tsattsagar laka, shirwa tana shawagi a bisansu. A cikin rassan kuma kurciyoyi ne, da masu saƙa sheƙa suna rataye ta a ƙarshen ƙaya inda maciji ba ya kaiwa. A ƙasa akwai guza. Kafin yaƙin 2023, ɗaliban Jami'ar Hartum a nan suke koyon sanin tsuntsu da itace, iyalai kuma sukan zo ran Jumma'a da tabarmi da tukwane su wuni.

Akwai kuma shamuwa. Yadda Bahaushe yake ganin shamuwa ya ce damuna ta ƙarato, ya bar ta ta yi sheƙa a tsamiyar ƙofar gida ba mai jifanta, haka mutumin Sudan yake yi. Simbiriya yake kiranta, shi ma yana ɗaukar zuwanta albishir ne na ruwa. Sunan da masana na duniya suka san ta da shi ma daga Sudan ya fito, gama an sa mata sunan Abdim Bey, wani gwamnan Turkawa a arewacin ƙasar, tun a 1823. Ba a taɓa yin dokar kare shamuwa ba a ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa, amma ba tsuntsun da ya fi ta zama lafiya. Dokar da take cikin zuciyar mutane ta fi ta takarda ƙarko, sai dai ba kowace halitta ce ta yi sa'ar samun irinta ba.

Sudan ta sami 'yancin kai ranar 1 ga Janairu 1956, ta sa karkanda a tambarinta, daga baya ta sāke shi da wani dogon tsuntsu mai cin macizai. Birnin ya yi ta faɗi. Farin da aka yi a 1984 da 1985 ya koro dubban mutane daga Kurdufan da Darfur suka yi sansani a bayan Umdurman, yaƙin kudu ya koro wasu, kowa kuwa sai ya dafa abinci. Masu gasa tubali a bakin kogi suna son itace, masu burodi suna so, matan birni suna son itacen dushe don turaren jiki. Gawayi ya riƙa zuwa a manyan motoci daga ɗaruruwan mil. Namun Sabaloka suka ƙare, gandun ya rage a takarda, wurin ya zama na masu yawon shan iska. Dindir ta rasa raƙuman dawanta. A kasuwar Umdurman kuwa a lokacin ana sayar da takalmin markub na fatar damisa da na mesa a fili. An hana cinikin haure tsakanin ƙasashe a 1989, amma a 2005 wani mai bincike, Esmond Martin, ya ƙirga kayan haure fiye da 11,000 a kantunan Hartum da Umdurman.

Cikin shekarun 1990 aka rufe tsohon gidan namun daji, aka ba da filinsa. A wurin ne aka gina dogon masaukin baƙi da kuɗin Libiya, wanda aka buɗe a 2008, mutanen gari suna kiransa ƙwan Gaddafi saboda siffarsa. Kuɗin man fetur ya shigo, idon masu gini ya koma kan Mugran da gefen dajin. Aka ƙetara sabuwar gada ta kusa da shi zuwa Umdurman, aka cike wani sashe na ƙasar ambaliya aka kafa benaye, aka zana unguwar masu hali har da filin wasan golf. Malaman jami'a da 'yan Ƙungiyar Kare Muhalli ta Sudan, wadda aka kafa a 1975, suka yi ta ƙorafi a jaridu da tarurruka. Ba su hana kome da kome ba, amma yawancin dajin ya tsaya. Wani abu kuma ya taimake shi wanda ba a cika ambata ba: gas na girki ya yaɗu a gidajen birnin bayan an buɗe matatar mai a arewa da Bahri, matsin da ke kan itace ya ragu. Da kudu ta ɓalle ranar 9 ga Yuli 2011, ta tafi da mafi yawan man, da mafi yawan dazuzzuka da manyan namun daji, abin da ya rage a arewa ya ƙara daraja.

A watan Janairu na 2020 duniya ta ga hotunan zakoki biyar a wani lambun shaƙatawa na Ƙurashi a Hartum, sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Tattalin arziki ya karye, masu lambun ba su da kuɗin nama. Wani saurayi, Usman Salih, shi ya yaɗa hotunan ya nemi taimako. Zakanya ɗaya ta mutu kafin a kai gare ta. Likitocin wata ƙungiya mai suna Four Paws suka zo suka yi jinyar sauran, daga baya kuma Usman da abokansa suka buɗe mafaka a Bagair, kudu da birnin, suka tattara zakoki da kuraye da sauran dabbobin da aka yi wa riƙon sakaci. A watan Satumba na shekarar kuma kogi ya yi cikar da ba a taɓa auna irinta ba, har ta wuce ta 1946 da ta 1988. Mutane wajen 100 suka mutu a ƙasar, gidaje fiye da 100,000 suka lalace. Masana suka tuna wa hukuma cewa fili irin na Sunut, inda ruwa yake samun wurin malala, shi ma kariya ne ga unguwannin da ke bayansa.

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a tsakiyar Hartum tsakanin sojan ƙasa da rundunar RSF. Abin da ya sami mutane ya fi ƙarfin wannan 'yar maƙala: miliyoyi sun bar gidajensu, ba a san iyakar waɗanda suka mutu ba. Amma dabbobin ma suna cikin labarin. A gidan tarihin halittu na Jami'ar Hartum akwai kadoji da macizai da tsuntsaye masu rai a keji. Gidan yana dab da hedkwatar soja, ba wanda ya iya kai musu ruwa ko abinci, suka mutu a kulle. Ma'aikatan mafakar Bagair sun daure wata bakwai, sa'an nan a watan Nuwamba aka kwashe dabbobi kusan 50, har da zakoki 15, zuwa Wad Madani. Bayan wata guda yaƙi ya ci Wad Madani, aka sāke gudu da su. A ƙarshe wasu suka sami wuri a Jodan, zakoki 11 kuma aka kai su Afirka ta Kudu a farkon 2024. Shekara kusan ɗari biyu bayan 'yar raƙumar dawan nan, namun daji suka sāke fita daga Hartum zuwa ƙasashen waje, wannan karo a matsayin 'yan gudun hijira.

Dajin Sunut kuwa ba shi da ƙafar gudu. Mugran ta zama fagen daga, benen kamfanin mai da ke kusa da dajin ya kama wuta a watan Satumba na 2023. Masu gadin daji suka watse, 'yan sandan kare namun daji ma haka. Wutar lantarki ta ɗauke, gas ya ɓace, matatar mai ta tsaya. Waɗanda suka rage a birnin suka koma ga murhu, gawayi ya zama kuɗi, masu zarto da masu bindiga suka shiga dajin. Da soja suka karɓe fadar shugaban ƙasa ranar 21 ga Maris 2025, mutane suka fara komowa, abin da suka tarar a wurare da yawa na dajin shi ne kututture da fili. Ba daidai ba ne a ɗora laifin duka a kan matar da ta sari reshe don ta dafa wa 'ya'yanta abinci. Itatuwa masu kauri irin waɗannan, ba da gatarin mace aka kayar da su ba, ba kuma a kanta aka fitar da su ba. Mutanen Nijeriya ta Arewa ba sa buƙatar dogon bayani a nan. Sambisa gandun namun daji ce kafin ta zama abin da ta zama, haka Kamuku.

Bagaruwa dai tana da saurin komowa in an bar ta. Ƙwayarta takan yi shekaru a ƙasa ba ta mutu ba, wadda akuya ta ci ta kasayar ma ta fi saurin tsirowa. Abin da sabon tsiro yake buƙata shi ne laka mai danshi bayan ruwa ya janye, da 'yan shekaru ba akuya ba gatari, har kansa ya fi ƙarfin ambaliya ta gaba, gama tsiron da ruwa ya shanye gaba ɗaya ya daɗe yakan mutu. Amma ambaliyar kanta ta sāke hali. Habasha ta fara gina babbar madatsarta a kan Shuɗin Nilu a 2011, ta fara tara ruwa a 2020, ta yi bikin buɗe ta a watan Satumba na 2025. Madatsa irin wannan tana riƙe ruwan damuna ta riƙa sakinsa a hankali duk shekara, tana kuma riƙe mafi yawan lakar da kogin ya saba kawowa. Manomin rani zai ji daɗin ruwa a watan Afrilu. Amma ƙarfin da Shuɗin Nilu yake tare Farin Nilu da shi a Mugran, a watan Agusta yake samunsa, kuma yanzu yawan ruwan da zai iso Hartum a watan Agusta, a Habasha ake yanke shi.